Barau Masinja da Juma'ar Kadijatu

Kullum bayan asuba Malam Barau kan fito da kekensa, ya matsa tayoyin da babban yatsa, ya rataya jakar fatar da yake zuba sammaci, ya nufi kotun alƙali a Gaya. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan aiki na masinja. Ƙarshen watan nan na 1976 zai ajiye jakar.

Masu zuwa kotu da yawa sun ga alherinsa, amma a tambayi Bappa, mutumin Kademi. Da aurensa da Larai ya mutu, ta koma gidan iyayenta a Ajingi da 'yarsu ta fari, Kadijatu. Alƙali ya yanke cewa duk Juma'a biyu uban ya je ya ga 'yarsa. Wata takwas Bappa yana zuwa da ɗan takalmin roba a aljihu, wanda ya auna da karan dawa, yana dawowa da shi. Ko muryarta bai ji ba.

Barau ya same shi a gindin darbejiyar kotu ya haɗa kai da gwiwa.

"In ka je, me kake cewa?"

"Ina gaishe su, Baba. In ce yaya yara."

"Yara nawa gare ka a gidan?"

"Baba, 'yar fari ce. Yaya zan kama sunanta, a gidan surukai kuma?"

"Su fa, me suke cewa?"

"Yara lafiya, sun fita wasa."

Barau ya girgiza kai. "Alƙali bai san wannan kunyar ba. Za su ce gaisuwa ka je, ba su yi ƙarya ba. Ka neme ta da bakinka a gaban shaida. In an hana, ka dawo ka yi ƙara, ni zan kai sammaci. Alƙali na da ikon hukunta mai saɓa masa, in ba ka gamsu ba akwai kotun gaba. Amma kada ka kuskura ka ɗauke ta da ƙarfi. Ranar da ka yi haka, gaskiyarka ta ƙare."

Juma'ar da ta zagayo, Barau ya taka keke har Ajingi, ba wanda ya aike shi. Ya kira mai unguwa zauren gidan iyayen Larai, inda Bappa ke jira. Bappa ya kafa ido kan tabarma, ya ce, "Na zo ganin Kadijatu."

Daga bayan zana Larai ta ce, "Ba ta nan."

"Mai unguwa ya ji, 'yata," in ji Barau. "Litinin sai in dawo da takarda. Ki tausaya wa gwiwoyin tsoho mana."

Larai ta ce, "Baba, tsoro nake ya tafi min da ita Kademi."

"Hukuncin ya ce daga hantsi zuwa la'asar, a zauren nan. In ya wuce da ita, shi zan kai wa sammaci, ko a gona yake."

Aka turo yarinyar. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon uban kamar baƙo. Ya fito da takalmin, ya ƙi shiga, ƙafar ta girma. Amma ta rungume shi a ƙirji ta ƙi saki.

Malam Barau, kai ne ka gane akwai mai gaskiyar da kunya ta ɗaure wa baki. Kai ne ka saurari tsoron uwa ba ka ci mutuncinta ba. Mu iyayen da ke ƙirga Juma'a da yatsa, hankalinmu ya tashi da jin tafiyarka. Mun gode, Allah ya huta gajiya.

Wanda zai gaji jakar nan, don Allah ya riƙa tsayawa a gindin darbejiya yana tambaya. Akwai wasu ubannin zaune a can, da takalmi a aljihu.