Ranar da Tabarma Ta Tafi Ta Bar Mai Ita

A shekarun da gwamnatin ƙasar nan ta tsuke bakin aljihunta, ni da mai ɗakina Hajiya muna zaune a saman wani tsohon gida a unguwar Whalley Range da ke Manchester. Gidan wani attajiri ne na zamanin da, aka yanyanka shi aka zuba 'yan haya. Matattakalarsa ƙunci gare ta, kuma tana da wata kwana a tsakiya wadda ko akwati sai an karkata shi kafin ya wuce. Lokacin da muka kama wurin ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Na zo ne in yi nazarin rubuce-rubucen malamanmu na da waɗanda ke ajiye a ɗakunan karatu na nan, in gama in koma. Aikin ya ja, karantar da ɗalibai ya biyo baya, har furfura ta same ni a inda ban zaci za ta same ni ba.

Sai Allah ya jarrabi Hajiya da shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallamo ta, ma'aikatan motar asibiti suka hawo da ita, kuma tun daga ranar ba ta sake sauka ba. Da farko mata biyu ake turo mana safe da yamma, su yi mata wanka su juya ta. Daga baya aka mayar da su mace ɗaya, sau ɗaya a yini. An ce za a kafa mana kujerar lantarki mai bin matattakala. Wani ya zo ya auna, bai dawo ba. Cibiyar da motarta ke zuwa ɗaukar irinsu Hajiya su sha iska, an rufe ta kafin layi ya zo kanmu. Ban zargi kowa ba, domin duk wanda na yi magana da shi shi ma kukan ragin da aka yi masa yake yi.

Tagar ɗakinmu bangon maƙwabta take kallo. Hajiya ba ta taɓa roƙona in mayar da ita gida ba, ta san jikinta ba zai ɗauki tafiyar ba. Abu ɗaya ta riƙa maimaitawa: "Malam, so nake in kwanta in ga sama." A gidanmu na can, idan bazara ta tsananta, ita ke yayyafa ruwa a tsakar gida da la'asar sakaliya, ta shimfiɗa tabarmi, mu kwana ba rufi a kanmu. Ɗaya daga cikin tabarmin nan ta kaba ta biyo mu har Manchester, tana naɗe a bayan ƙofa shekara da shekaru.

'Yarmu ta fari tana aure a Birmingham, cikin wani dogon bene a Ladywood. Mijinta ya zo karatun digiri na uku, tallafin ya yanke a tsakiya, ya kama aiki a gidan kula da tsofaffi. Yini yake yi yana ɗaga mutane daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. Yana da wata 'yar ƙaramar jif mai ƙofa biyu, tsohuwa, doguwar ƙafa gare ta, ƙaramin ciki. Duk shekara, idan bazarar nan ta shigo, yakan loda mata tanti da tarkace ya kai iyalinsa filin wani manomi a tsaunukan da ke tsakanin biranen biyu, inda hanya ta zama taɓo da duwatsu, ƙaramar mota ba ta hawa. Ni ina ganin abin wauta ne, mutum ya bar gida mai rufi ya je ya kwana cikin ƙyalle don sha'awa. Hajiya ce ta riga ni gane amfaninsa. Ta ce a faɗa wa yarinyar nan, don ba ta kama sunan 'yar fari, ta faɗa wa mijinta cewa bana da ita za a je.

Ban taɓa ganin mutum ya ɗauki saƙo da muhimmanci kamar yadda yaron nan ya ɗauki wannan ba. Ya bugo mini waya ya sa na auna faɗin kekenta na marasa lafiya. Ya tambayi tsawon lokacin da take iya zama ba ta gaji ba. Ya je ya roƙi manomin ya bar mana gefen da ke kusa da famfo. Aka shirya cewa 'yarmu da yaranta biyu za su zo ta jirgin ƙasa su kwana su shirya ta, su kuma bi jirgi zuwa tashar da ke kusa da filin. Shi zai ɗauki kaya da mu biyu. Ofishin masu jinya ya yi alkawarin turo mata biyu a safiyar, su sauko da ita su sa ta a mota.

Ya iso da hantsi, na sauka na tarar da shi yana gyara lodin. Ya kwantar da kujerar baya guda ɗaya, ya jera tukunyar gas da kula da jarkar ruwa a ƙasa, masu nauyi ke nan, ya ɗora katifun iska da barguna a kai, ya cusa buta da dardumomi a 'yan ramukan da suka rage. Tantin da sandunansa da turakunsa suna kan ƙarfen ɗaukar kaya da ke rufin motar, an lulluɓe su da tamfol. Ya bar mini rabin bayan, inda zan zauna da tukunyar tuwo a kan cinyata. Kujerar gaba kuwa ya tura ta baya iyakar turuwarta, ya kishingiɗar da ita, ya yi mata shimfiɗa da matasai. Ya sa aka miƙo masa keken daga ɗaki, ya naɗe shi, ya sauko da shi, ya ɗaure shi a jikin safayar taya da igiyar roba, ya jijjiga shi ya ga bai motsa ba. Tabarmar Hajiya ce ta ƙarshe. Ya soka ta ƙarƙashin tamfol, ya ƙara mata ɗauri.

Na ce masa, "Wannan mota, ko jakin fatake bai sha kaya haka ba."

Ya sunkuyar da kai yana murmushi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, jaki ai yana gardama. Wannan sai dai ta yi tari ta wuce."

Mai jinyar ta zo ita kaɗai. Mutumiyar kirki ce, daga unguwar Moss Side take zuwa, ta saba da mu har ta iya cewa sannu. Ta ce abokiyar aikinta an tura ta wani gida, babu wadda za ta maye gurbinta, kuma doka ta hana mutum ɗaya ɗaukar mara lafiya a matattakala. In ta yi, aikinta ya tafi. Ta buga waya, aka ce sai dai wani makon, ko na bayansa. Ta yi wa Hajiya wanka, ta taya ta sa atamfar da ta zaɓa tun jiya, lokacinta ya cika, ta fita tana share ido. 'Yarmu na da tsohon ciki, likita ya hana ta ɗaukar ko bokiti. Ya rage mutum ɗaya a gidan da ke da ƙarfi da sanin yadda ake yi, yana tsugune a bakin ƙofa bayan labule, ya tuɓe takalmansa, inda yake tsayawa ya gaishe ta tun ranar da aka ba shi 'yarta.

'Yarmu ta ce, "Mama, ai shi ke nan, baban yara ya sauko da ke. Aikinsa ne, kullum shi yake yi."

Hajiya ta ja mayafi da hannunta mai lafiya ta rufe rabin fuskarta. Ta ce, "Ke, ba ki da hankali?"

"Mama, please. Waɗanda suka hawo da ke ba maza ba ne? Turawa ma?"

"Su wa suka san ni? Gobe za su zo su tsuguna su gaishe ni? Mutumin da bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba, shi za ki ce ya rungume ni kamar buhun gero? In zanena ya zame fa? In abin da ke zame mini ba da sanina ba ya zame a hannunsa?"

A nan na ga lokacina ya yi. Wannan mas'ala ce da na karantar ba sau ɗaya ba, na kuma ba mutane fatawa a kanta suka tafi da sauƙi a zuciyarsu. Na zauna a bakin gado na yi mata bayani dalla-dalla: cewa da zarar an ɗaura aure, uwar matar ta haramta ga mijin har abada, ya zama muharraminta kamar ɗan da ta haifa; cewa ko da ba haka ba, lalura tana da hukuncinta; cewa kunyar surukai al'ada ce kyakkyawa, amma ba a hana wa rai abin da Allah ya halatta masa saboda ita. Ta saurare ni har na gama, kamar yadda ta saba.

Ta ce, "Malam, na ce maka haram ne?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Na san halal ne. A gabana ka karantar da shi, ina dama muku kunu. Ba zan iya ba ne kawai."

Daga bayan labule yaron ya yi gyaran murya. Bai yi magana da ita kai tsaye ba, da ni ya yi. Ya ce, "Malam, a gaya wa Hajiya zan kawo keken, in ɗauke ta a cikinsa, hannuna ba zai taɓa ta ba." Na tuna masa kwanar matattakalar, shi da kansa ya karkata keken a naɗe kafin ya wuce. Ya ce to a naɗe ta cikin bargo har kai, shi kuma zai kawar da fuskarsa.

Hajiya ta ce, "A gaya masa Allah ya yi masa albarka. Naɗewa cikin bargo har kai, akwai ranarta, ba yau ba ce."

Sai na ce ni zan ɗauke ta. 'Yarmu ta yi ƙara ta ce, "Baba, gwiwarka!" Ban kula ta ba. Na sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗunta, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta, na yi bisimilla na yunƙura. Ta rame ƙwarai, amma ɓarin da ya mutu nauyi gare shi na daban. Na ɗaga ta kamar tsawon tafin hannu, ƙafafuna suka ƙi, muka koma kan katifa tare, rawanina ya warware ya faɗo mata a fuska. Ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ta ce, "Malam, ko ranar da aka kawo ni gidanka ba ka gwada wannan ba." Dariyar ce ta juye ta zama kuka, ni kuma na kasa ɗago kaina.

Da ta natsu ta ce su tafi, kada a ɓata wa yara hutunsu, kada kuma a kwance lodin da bawan Allah ya sha wahalar ɗaurawa. 'Yarmu ta yi gardama, ta yi fushi, ta faɗi maganganu da Turanci waɗanda na yi kamar ban ji ba. Uwar ba ta sauya ba. Daga ƙarshe yaron ya sauka. Na tsaya a tagar matattakala ina kallonsa yana kwance igiyar roba daga safayar taya. Ya rungumo keken ya hawo da shi, ya karkata shi a kwanar, ya buɗe shi a bakin ƙofa, ya goge ruwan da ya taɓa mazauninsa da hannun rigarsa. Ya tsuguna ya yi sallama da labule. Matarsa ta zauna a kujerar da aka yi wa shimfiɗa, yaran suka matsu a wurina na baya, motar ta tashi tana rangaji da kayanta har ta sha kwana.

Da na koma ɗaki ta tambaye ni, "Ya ɗaure tabarmar da kyau?" Sai a lokacin na tuna ba a sauke ta ba. Na ce ya ɗaure. Ta ce, "To, ita ta je ta gani."

Na ci gaba da neman ranar da za a samu mata biyu. Sau ɗaya aka sa rana, ruwa ya yini yana zuba, aka ce matattakalar waje da santsi. Kafin a sake sa wata, ganye ya zube, manomin ya rufe filinsa. Cikin sanyin shekarar numfashinta ya sarƙe, wasu maza biyu da ba ta sani ba suka sauko da ita a ɗaure kan wata 'yar kujera, suka tura ta cikin motar asibiti. Tsakanin ƙofar gida da ƙofar motar ne kaɗai sama ta kasance a kanta, idanunta kuwa a rufe suke. Ba ta dawo ba.

A maƙabarta, da aka zo sanya ta, aka nemi muharramai su sauka. Na matsa bakin kabarin, gwiwoyina suka ƙi ni kamar yadda suka ƙi ni a ɗaki. Jama'a suka dube ni, domin ni ake tambaya a irin wannan wuri. Na ce mijin 'yarta ya sauka, ya halatta gare shi. Ya tuɓe takalmansa kafin ya shiga, ko da yake ƙasar jiƙe take kuma babu wanda ya ce ya tuɓe. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya kwantar da ita ta fuskanci alƙibla, yana kawar da fuskarsa.

Na yarda da hukuncin Ubangiji, ba ni da ja a kansa. Amma tun daga lokacin, idan ɗalibi ya kawo mini mas'ala na ba shi amsa, sai in ji amsar ta fita daga bakina ba nauyi. Na yi rayuwata ina koyon rarrabe halal da haram, kuma a ranar da na fi bukatar ilimin, amsata daidai ce, Hajiya ma ta yarda daidai ce, amma ba ta sauko da ita ko taki ɗaya ba.

Sun dawo mini da tabarmar bayan arba'in. Ruwan tsaunin ya shige ta ta ƙarƙashin tamfol, aka manta ta a jiƙe a bayan mota, ta yi baƙi-baƙi a tsakiya. 'Yarmu ta ce a yar. Na mayar da ita bayan ƙofa. Yaron yakan bugo waya duk bazara ya ce akwai wuri a kujerar gaba, ni kuma in ce masa Allah ya kai mu baɗi.