Kaset Ɗin da Malam Isiyaku Ya Ce In Nemo Masa

Malam Isiyaku ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan shayi, ko rabin kofi ban yi ba, kiran Safiya autarsa ya shigo. Tun daga sallamarta na san ba lafiya ba. Ta ce, "Kawu Kabiru, Baba ya tafi, ana idar da sallar asuba." Ban san me na ce mata ba.

Yaran yanzu ba lallai ku san shi ba. Ku tambayi iyayenku Baban Lambu, mai shirin Kowa da Lambunsa a talabijin, dogon mutumin nan mai malfa da ke durƙusawa cikin ƙasa da farar riga ba ruwansa. Ni ne na riƙe masa kyamara shekara da shekaru. Duk hoton da kuka gani nasa, ta idona ya bi kafin ya iso falonku.

Ranar da aka tura ni shirinsa, gaskiya ɓacin rai na yi. Abokan aikina suna gidan gwamnati suna ɗaukar manya a cikin sanyin esi, ni kuma ga ni a lambun gidansa a Unguwar Dosa tsakar rana ina haska kashin kaji. Na tsaya nesa ina toshe hanci. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Matso mana, Kabiru. Wannan da kake gudu shi ne miyar da za ka sha nan gaba."

Na matso. Daga ranar ban sake nesa da shi ba.

Asalinsa malamin gona ne a ma'aikata. Baƙo aka gayyato shi wani shiri ya yi bayani a kan tsutsar tumatir, sai masu kallo suka dinga cewa a dawo musu da mutumin nan mai magana kamar maƙwabci. Haka ya samu shirin kansa. Bai taɓa koyon aikin jarida ba, bai kuma taɓa iya kallon kyamara yadda ake so ba. In na ce, "Malam, nan za ka duba," sai ya ce, "Ai alayyafon ne baƙonmu, shi za ka haska."

Shi ya koya wa matan Kaduna shuka a buhu da tsohuwar taya da fasasshen bokiti. Masu gidan haya da ba su da ko taƙin ƙasa, ya sa sun ci yakuwar da suka shuka da hannunsu.

Kuma ba ya ɓoye asara. Akwai shekarar da tumatir ɗinsa ya mutu murus. Furodusa ya ce a je kasuwa a sayo mai kyau a jera. Malam ya ce atafau. Ya tsaya gaban busassun itatuwan ya ce wa duniya, "Jama'a, ga nawa nan ya mutu. Wanda nasa ya mutu kada ya ji kunya, mu zauna mu ga inda muka yi kuskure." Na so mutumin nan a ranar, wallahi.

Lokacin da mahaifiyata take jinya, duk Juma'a sai na tarar da ƙullin zogale da latas a kan kujerar babur ɗina. Bai taɓa cewa shi ne ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Wata tsohuwa a Unguwar Sarki ta aiko cewa gwandarta tana fure ba ta 'ya'ya. Ya sa muka je har gidanta, ba don ɗaukar shiri ba, don gwanda ɗaya tal. Ina ta mita a mota, shi kuwa ko a jikinsa.

Yadda shirin ya ƙare kuwa har yau yana min ciwo. Masu ɗaukar nauyi suka janye, aka yi ta matsar da lokacinsa har ya koma sa'ar da kowa ke wurin aiki. Wata safiya ya zo da dashen attaruhu cike da bayan mota, aka ce masa an ba wani shiri filin. Ba taro, ba ko na gode. Ni na yi ta zage-zage a madadinsa. Shi kuwa ya buɗe but ya raba wa masu gadi da direbobi dashen, yana gaya wa kowa yadda zai ba shi ruwa.

To, ga abin da ya sa na kasa yin shiru yau.

Bara na je gaishe shi. Ciwon suga ya ci ƙarfinsa, idonsa ya yi rauni sosai, Hajiya Mairo matarsa kuma ta yi 'yan shekaru da rasuwa. Muna cikin hira sai ya kama hannuna ya ce, "Kabiru, alfarma ɗaya nake nema. Ka samo min kaset ko ɗaya ne na shirinmu, kafin in bar duniya. Amma wanda muka ɗauka a nan gida, ban da na situdiyo."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Malam."

Ashe ba sauƙi. Na koma tsohon wurin aikinmu, aka buɗe min sito. Babu. A wancan zamanin kaset tsada gare shi, in an nuna shiri sai a ɗora wani a kansa. Duk guminmu na shekaru an bi shi an shafe da labarai da tallace-tallace. Na tsaya a siton nan ƙura na shiga min hanci, na rasa wanda zan yi wa faɗa, don ni kaina na sha ɗora wani aikin a kan na wasu.

Na bi tsofaffin abokan aiki ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ruwa ya ci nasa, wancan ya ce matarsa ta zubar lokacin tashi daga gida. Wasunku za su tuna na yi cigiya a nan shafin. Duk lokacin da na leƙa Malam, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ya labari?" Ni kuma in ce ana kai. Kullum ƙara ramewa yake yi, ni kuma tsoro na ƙara kama ni kada in makara.

A raina na ɗauka kewar kansa yake yi. Na ce tsoho yana so ya tuna lokacin da ake nuna shi da yatsa a kasuwa, kuma ai ya cancanta.

Watan jiya wani bawan Allah ya kira ni. Ya ce sunansa Malam Audu, yana sayar da dashen itatuwa a bakin titi a Rigachikun, ɗansa ne ya nuna masa cigiyata. Da safe na hau babur na same shi a cikin jerin mangwaro da gwaiba da lemo a baƙaƙen ledoji. Ya shiga rumfa ya fito da kaset a naɗe cikin tsumma.

Ya ce, "Da wannan na koyi yi wa mangwaro aure. Ranar da aka nuna shirin na naɗe shi da bidiyona, na kalla har ya fara shaƙewa. Duk abin da ka gani a nan, da abin da 'ya'yana suka ci suka yi makaranta, daga cikinsa ya fito. Ka ce wa Malam, Audu na Rigachikun yana gaisuwa, bai san ni ba."

Kaset ɗin ya yi fumfuna. Wani mai gyara a kasuwa ya yi ta fama da shi da auduga, ya ceto ɗan guntu daga tsakiya ya tura min a waya. Hoton yana rawa, launin ya koɗe, amma ga Malam nan da malfarsa a gindin mangwaro, a lambunsa na gida.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kai masa, bayan la'asar. Yana kishingiɗe a baranda, Safiya na yi masa fifita. Na ce, "Malam, yau dai akwai labari."

Ya yunƙura zai tashi zaune, muka tallafe shi. Na kunna na kara masa wayar dab da fuska, ina cewa, "Ga ka nan, ga wuƙar a hannunka, dubi yadda kake da ƙiba." Sai ya karɓi wayar ya kawar da ita daga idonsa ya kai kunne.

Na ce, "Malam, ai kallo ake yi."

Ya ɗaga min hannu, wai in yi shiru.

A cikin wayar muryarsa ta ƙuruciya tana bayani, a fere nan, a haɗa nan, a ɗaure da leda, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Sai can daga nesa, ta tagar kicin, wata murya ta ratso: "Malam, ka dai gaya musu gaskiya, wa ke ba shi ruwan?" Sai dariya. Hoton ma ya girgiza, don ni mai kyamarar dariya nake yi.

Hajiya Mairo ce.

Na manta shaf. Ba ta taɓa yarda ta fito a talabijin ba, ko hoto ba ta so, amma duk ranar da muke ɗauka a gida sai ta jefo mana magana daga ciki. Mukan yanke in mun samu lokaci, sau da yawa kuma ta wuce a haka. Ni a wurina hayaniya ce mai ɓata min aiki.

Safiya ta saki mafici ta toshe baki. Malam kuwa hawaye na bin gemunsa. Da guntun ya ƙare ya ce, "Mayar." Na mayar. Ya ce, "Ba daga farko ba, daga inda mutuniyar take." Na yi ta mayarwa har aka kira magariba.

Da zan tafi ya riƙe min yatsu ya ce, "Fuskarta tana nan, ban manta ba. Muryar ce ta ɓace min, Kabiru. In na nema a kaina sai in ji shiru. Yanzu ta dawo. Allah Ya yi maka albarka, kai da Audun da ban sani ba."

Na ce zan dawo wani satin. Ya ce, "In mun kai."

Kuka na yi a kan babur har gida, ba na jin kunyar faɗa. Shekara guda ina yawon neman Baban Lambu a kaset, ashe shi matarsa yake nema.

Safiya ta ce min tun daga ranar wayarta ba ta huta ba. Ko abinci aka kawo sai an kunna masa tukuna. Jiya da yamma ma ya saurara, har ya amsa mata, ya ce, "Ke ce, Mairo, ke ce mai ba shi ruwan."

Za a yi jana'iza bayan azahar a Unguwar Dosa.

Ya Allah, ga bawanKa Isiyaku ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Duk ganyen da wani ya tsinka ya sa a tukunya ta dalilinsa, duk inuwar da wani ya zauna, Ka sa a mizaninsa. Ka ba Safiya da 'yan'uwanta haƙuri. Ka sada shi da matarsa a Aljannar Firdausi, inda ba sauran rabuwa.

'Yan'uwa, duk wanda ya karanta wannan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ina roƙonka ka tsaya ka yi masa addu'a. Kuma don Allah in kun ɗaga hannu kada ku ambaci Malam shi kaɗai, ku haɗa da Hajiya Mairo.