Gezar da Aka Ba Ni a Lakwal

Abin da na fara gani ranar da aka kai ni kwalej, can wajen Keita, wata geza ce a jikin katanga, an kewaye ta da duwatsu masu farin fenti. Na yi mamaki. A garinmu ba mai shuka geza. A kan fako take fitowa, mata su sara su hura wuta.

A lakwal ɗin, wato makarantar tamu, kowane ɗalibi da iccen da yake ba ruwa. Na zo a makare, an rabe dogon yaro duka, sai aka ba ni gezar. Wata malama da ta bar garin ce ta dasa ta, wai tana son jan ganyenta bayan kaka.

Kullum da safe sai na ɗauko bido, wato jarkar ruwa, daga famfon bakin kasuwa. Wuyana ya yi ta ciwo, gammona ya jiƙe, in shiga aji ina gyangyaɗi. Ƴan ajinmu suna kirana uwar geza.

Da aka gama yankan gero ganyen ya fara sauyawa. Gefe ya soma yin ja, sannan duka ya koma launin tukunyar da aka gasa. Lokacin hutu nakan tsaya nesa ina kallo. Daga baya ya zube, sai rassa tsirara.

Sabon direktanmu mutumin bakin kogi ne, bai san itatuwan dutse ba. Ya zagayo yana duba iccen kowa, ya tsaya a kan nawa.

"Wannan ta mutu. Wa ke da ita?"

Na ɗaga hannu. Na san ba ta mutu ba, amma bakina ya ƙi buɗewa. Ya ce wa mai gadinmu, wani tsoho, ya tumɓuke ta gobe a sa dogon yaro.

Washegari na zo da bidona duk da haka. Na iske mai gadi da diga a kafaɗa.

"Ke ɗiya, ba ki gaji ba? Aje ruwan nan, yau na hutasshe ki."

Na gaji ƙwarai, saura kaɗan in ce to. Na aje bidon, na kankare reshe ɗaya da farce. Kore ya fito, har da danshi. Ya duba, ya yi tsaki.

"Ni ma na sani. Amma mushe direkta ya yi magana, ni mi zan ce?"

Na dubi digar, na ce:

"Baba, don Allah ka raka ni biro wurin direkta. Ni zan faɗa mishi, kai dai ka tsaya kusa da ni."