Jan Biron Baba Shittu

Duk wanda ya yi aiki da marigayi Dokta Shittu a ɗan asibitinsa na bayan Titin Bauchi ya san jan biron nan da yake maƙale a kunnensa. Ka zo masa da maganar mara lafiya, sai ya turo maka takarda, ko bayan kwalin magani ne, ya ce, "Zana min bishiyarka." Reshe ɗaya in an yi aiki, ɗaya in an bari. Kowane reshe ya sake rabuwa, in an dace, in ba a dace ba, ka rubuta kashi nawa cikin goma kake zato. Sannan ya zaro biro ya hau gyara. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa, burina ɗaya a duniya: in zana bishiya sau ɗaya tak ya mayar da biron nan kunne bai taɓa ta ba.

Satina na farko, ina ta ƙamshin makaranta, farar rigata ta sha guga, aka kawo wani mai Keke Napep yana murƙususun ciwon ciki. Na danna nan, na danna can, na ruga ofis.

"Baba, tiyata! Yanzu-yanzu!"

"Kashi nawa cikin goma?"

"Goma!"

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Goma ta Allah ce, yaro. Ni da furfurata ban taɓa wuce takwas ba."

Ya nuna min a takarda: in muka sa masa ido na 'yan awoyi, ko da ni ke da gaskiya, wuƙa na nan kusa. In muka yanka kuma ba ciwon tiyata ba ne, mun kwantar da mai iyali wata guda a banza. Ina ta cika ina batsewa. Kafin azahar mutumin ya fito daga ban ɗaki yana tambayar inda ake sayar da shayi. Ashe ɗan wake ya narka da sassafe, kwano biyu! Daga ranar nas ɗinmu Sista Nanret ta raɗa min Dokta Goma, har yau 'ya'yana sun san sunan.

Sai na dage da karatu. Wata rana wani tsohon tela daga Anguwan Rogo ya zo da yanar ido. Na zana bishiya har da rula, na yanke cewa a yi aiki a satin. Baba ya zagaye ƙarshen reshen da ja.

"Wa ya ce maka wannan ya fi masa?"

"Littafi, Baba."

"Littafin ne zai zura zare a allura? Je ka tambayi mai idon."

Na je. Tsoho ya riƙe baki. "Sati uku ga Sallah? Ɗan nan, in na kwanta yanzu, matan unguwa za su gama da ni kafin idon ya gama!" Bayan Sallah aka yi.

Har maganar aurena ban tsira ba. Don neman suna na zana masa bishiya: in auri Maryam, ko in jira in gama ƙarin karatu. Ya duba, ya ƙara wani dogon reshe a gefe.

"Wannan fa, Baba?"

"In ita ta ƙi ka."

Wallahi ko a mafarki ban kawo shi ba. Kuma sai da ta ƙi ni sau biyu kafin ta amince.

Bara aka gano ciwon daji a hantar Baba. Ya aika a kira ni gidansa na Jos Jarawa. Na same shi da hantsi a tsakar gida yana shan rana cikin suwaita biyu, biro na nan a kunne. Ya turo min takardun gwajinsa.

"Zana min."

"Haba Baba, ga manya..."

"Kai na kira."

Reshe biyu ne: a je a yi babban aiki, ko a zauna gida a riƙa rage masa ciwo. Na zana su. Zuciyata ta ce in ƙara wa reshen aiki lamba ko ya yarda, amma na rubuta abin da takardu suka nuna, biyu cikin goma. Sannan na tambayi mai hantar abin da ya fi so. Ya ce ya riƙa taka ƙafarsa zuwa masallaci, ya ji hayaniyar jikokinsa, iya kwanan da ya rage.

Ya zaro biro. Ya bi reshe ɗaya-ɗaya a hankali, ni kuwa ina roƙon Allah a zuci ya soke, ya ce na yi shirme kamar kullum, biyun nan bakwai ce.

Ya mayar da biro kunne. "Babu gyara, Dokta Goma."

Sai kuka ya ƙwace min, da gemuna da komai.

"Ji min mutum!" ya ce wa matarsa, Mama, tana fitowa da shayi. "Shekara tara yana neman wannan, ya samu kuma yana kuka."

Wata huɗu ya ƙara, kuma da ƙafarsa ya je masallaci har satin ƙarshe.

Allah Ya jiƙan Baba Shittu, Ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, shi bai taɓa wuce takwas ba, goma taKa ce. Ka cika masa ita da rahama.