Murfin Kwalbar Kawu

Jiya a gonar kawuna a Zango, ina ta zuba masa lacca: takin zamani in ya yi yawa, rarar takan zama iska mai ɗumama duniya.

Ko ɗagowa bai yi ba. Murfin kwalbar lemo yake cikawa da taki, ya binne a gefen kowane gero.

Na ce, "Kawu, ai haka masana suka ce a yi! Wa ya koya maka?"

Ya ce, "Kai mana. Bara da ka taya ni, ka watsa buhu guda kamar rabon goro. Ciyawa ta ƙoshi, gero ya ƙone."

Na naɗe laccata, na nemi murfi.

Ku fa, wane dattijo ya taɓa kashe muku baki haka?