Indo Mai Jinyar Dangi

A Kurmin Kogi, in aka kwantar da wani a asibiti, ba a tsayawa tambayar wa zai yi jinya. Indo ce. Tun da mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, dangi suka yanke, ba tare da sun ji ta bakinta ba, cewa ita ba ta da aikin yi. Ta yi jinyar kawu, ta yi ta matar ƙane, har da wata tsohuwa da sai an zauna an warware kafin a gano dangantakar. Tabarmarta ta fi sabawa da simintin asibiti a kan na ɗakinta.

Bana yayarta Ummuhani ce shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a asibitin Ikara. Indo ke juya ta, ita ke ba ta kunu da cokali, ita ke zubar da fo. Ita kanta ciwon kai ya sa ta gaba, ƙeya kamar ana sara, ido na gani dishi-dishi. Wata nas ta ce lallai ta je a auna jininta. To, ta bar wa wa mara lafiya?

Ran Juma'a 'yan dubiya suka cika ɗakin da kwanuka da ƙamshin turare. Kowa ya ce "ya mai jiki?", ya zuba addu'a, ya shafa, ya nemi takalminsa. Indo ta tare Saminu, babban ɗan Ummuhani, a baranda.

"Saminu, bar min matarka Hafiza ta zauna da uwarka zuwa la'asar. Zan ga likita."

Ya sosa kai. "Haba Inna, ai da kunya. Matar ɗa ta ga tsiraicin surukarta? Ni kuma namiji ne. Ki ƙara haƙuri, ladanki na wurin Allah."

Kunya! Kunyar da ba ta hana Hafiza cin tuwon Ummuhani ba, ba ta hana ta miƙa mata goyo ba, sai yau da aka zo wankin kashi ta tashi. Ran Indo ya ɓaci.

"Ladan nan, ku ba kwa so ne?"

Ta shiga ta ɗauko fo, ta dangwarar a gaban Hafiza a bainar jama'a, ta ja mayafi ta fice. Tana jin ana salati a bayanta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Likita ya auna ta, ya sake aunawa.

"Iya, da ƙafarki kika zo? Jininki ya hau ƙwarai. Kwantar da ke za mu yi yanzu. Wa zai zauna da ke?"

Indo ta bi dangi a zuci, gida-gida. Babu gidan da ba ta yi wa jinya ba, kuma babu sunan da ya zo bakinta.

"Likita," ta ce, "a ba ni gado kusa da na yayata. Harshenta ya karye, ni kaɗai ke gane abin da take nema."