Shekarar da Baba Ya Rufe Ƙofa

Wata Asabar cikin Disamban 1975, ina da shekara tara, Baba ya shimfiɗa taswirar ƙasar Sin a kan teburin cin abinci, ya danne gefunanta da kofunan shayi. Muna zaune a unguwar Deptford da ke London, cikin wani flat, wato sashen gidan haya, mai ɗaki biyu, bangonsa kullum a jiƙe, hita ɗaya ta kananzir muke kewayewa. Gwamnati ce ta turo shi karatu a zamanin da arzikin man fetur ya sa ake ɗibar ma'aikata zuwa Ingila, shi kuwa ya zaɓi tarihin sarakunan Sin. Ya nuna mana hanyar fatake ta daular Tang, wadda ta buɗe ƙofa ga kowane baƙo. Sannan ya bi teku da yatsa har gaɓar Afirka, inda jiragen ruwan daular Ming suka je suka komo da raƙumin dawa. "Daga baya suka bar jiragen suka ruɓe, suka koma gina katanga," in ji shi. Dalilin hakan yake nema, shekara uku ke nan, har idanunsa suka faɗa.

Aikina shi ne raka Mama kasuwa, in riƙe mata kwandon doya da barkono, mu wuce wajen injin wanki. A can ta saba da wata tsohuwa 'yar Hong Kong mai sayar da soyayyen kifi. Duk cikinsu babu mai cikakken Turanci, amma sukan yi ta hira da dariya har kaya su bushe. Ni da yayata Binta kuwa muna tsallen igiya da 'ya'yan maƙwabta a bakin titi.

Sai ranar da Binta ta dawo daga makaranta leɓenta a fashe. Wasu samari ne suka jefe ta da dutse, suna cewa ta koma garinsu. Daga ranar Baba ya hana fita. Shi ke kai mu makaranta, shi ke ɗauko mu, shi ke cefane. Mama ta koma wanki a baho, tana shanya a falo, gidan ya cika da warin danshi. Wata biyar muna haka. Mama ta rage magana, ta rame, takan wuni tana kallon titi ta taga.

Rannan ta kawo masa abinci, ta tsaya a kansa. "Malam, ka tsare mu daga jifa, amma kaɗaici zai kashe ni. Su mutanen naka da suka rufe ƙofa, sun tsira?"

Baba ya ɗago kai. "Ba su tsira ba," ya ce. "Amma yanzu na san abin da suka ji."

Bai janye dokar ba. Kafin shekara ta ƙare ya ajiye karatun bai kammala ba, muka koma Kaduna. Mama ba ta samu ko yin sallama da tsohuwar ba, kuma har ta rasu tana ambatonta.

Yau a Dagenham nake, jikokina mata suna shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, su kaɗai su ratsa London, in na yi musu Hausa su amsa da Turanci. Ban taɓa hana su fita ba, sai dai ba na iya cin abinci sai sun dawo. Na girmi Baba na wancan lokaci, na daina ganin laifinsa, amma har gobe Mama nake tausaya wa.